GUDUN WUCE KIMA: DARASI GA SAMARIN DIREBOBI DA IYAYENSU

Tun ran 3 ga Fabrairu 1976, sa'ad da aka kafa dokar ƙirƙiro sabon Babban Birnin Tarayya, zaman ƙauyukan wannan yanki ya soma sakewa. Paikon Kore, wanda ke cikin ƙasar Gwagwalada, a kan hanyar da ta nufi Dobi, yana ɗaya daga cikinsu. Gari ne na manoma da makiyaya, ga kasuwa, ga kuma gandun kiwo da hukuma ta keɓe wa masu shanu. Ba shi da nisa da babbar hanyar Abuja zuwa Lakwaja, wadda ke ɗauke da motocin Arewa da na Kudu dare da rana.

A irin wannan gari hanya ɗaya ce ta kowa da kowa. Ita ɗan makaranta ke tsallakewa, ita mace mai ɗauke da itace ke bi, ita garken shanu ke ratsawa, ita kuma saurayi ke hawa da mota ko babur yana taka totur. Abin da za a faɗa a nan game da Paikon Kore ya shafi kowane gari da kwalta ta ratsa a Nijeriya.

1. GIRMAN MATSALAR

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar cikin 2023 ya nuna cewa haɗarin hanya yana kashe mutum wajen miliyan 1.19 kowace shekara. Ya kuma nuna babu wani ciwo ko annoba da ke kashe masu shekara 5 zuwa 29 kamarsa, kuma maza sun ninka mata wajen sau uku cikin waɗanda ke mutuwa. A nan gida, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta ƙidaya mutum 5,421 da suka rasu a kan hanyoyinmu cikin 2024, watau kusan mutum 15 kowace rana ta Allah. Shekara da shekaru, gudun wuce kima ne ke kan gaba cikin dalilan da hukumar ke bayarwa.

2. LISSAFIN GUDU DA BIRKI

Yawancin samari sun ɗauka cewa gwanin direba yana iya tsai da mota duk inda ya ga dama. Lissafi bai yarda da wannan zato ba. Tsayawar mota kashi biyu ce. Kashi na farko shi ne tafiyar da take yi tun daga lokacin da ido ya ga abu har ƙafa ta kai kan birki. Ko ga mutum mai lafiya wanda hankalinsa ke kan hanya, wannan yakan ci sakan guda, sau da yawa ma ya fi haka. Kashi na biyu shi ne jan da mota ke yi bayan an taka birkin.

A kan busasshiyar kwalta, da taya mai kyau da birki mai kamawa, ga yadda abin yake bisa kimantawa:

Gudun kilomita 50 a awa: mita 14 kafin a taka birki, mita 14 bayan an taka, jimla mita 28.

Gudun kilomita 100 a awa: mita 28 kafin a taka birki, mita 55 bayan an taka, jimla mita 83.

Gudun kilomita 120 a awa: mita 33 kafin a taka birki, mita 79 bayan an taka, jimla mita 112, watau fiye da tsawon filin ƙwallo.

Mai karatu zai lura cewa da aka ninka gudu sau biyu, jan birki bai ninku sau biyu ba, sau huɗu ya ninku. Haka ƙarfin karo yake. Motar da ta daki bango tana gudun kilomita 50, tamkar an sako ta ne daga tsayin mita 10, kwatankwacin bene mai hawa uku. Wadda ta daki bangon tana gudun kilomita 100 kuwa, tamkar daga tsayin mita 39 aka sako ta.

A ɗauka yaro ya ɓullo daga bayan wata mota da ke tsaye bakin kasuwa, tsakaninsa da mai zuwa mita 28. Direban da ke tafiya a kan 50 zai tsaya dab da shi, sai dai a yi salati a watse. Wanda ke kan 70 zai taka birki, amma zai iske yaron da saurin da ya kusa kilomita 60. Wanda ke kan 100 kuwa zai banke shi tun ƙafarsa ba ta taɓa birki ba. Yaro ɗaya ne, hanya ɗaya, ido ɗaya. Allurar maleji kaɗai ta raba mai rai da gawa. In an yi ruwa, ko taya ta suɗe, ko yashi ya kwanta a kan kwalta, sai nisan tsayawa ya ƙaru.

To, mene ne ribar wannan gudu? Tafiyar kilomita 50 a kan gudun 100 minti 30 ce. A kan gudun 120 kuwa minti 25 ce. Minti 5 ke nan, lokacin da bai isa a sha shayi ba. A kan wannan ne ake jinginar da rayukan mota guda. Da ma Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.

3. ABIN DA YA SA SAURAYI YA FI SHIGA HAƊARI

Saurayi ya fi dattijo ƙarfin ido da saurin hannu, duk da haka shi ya fi yin karo. A Amurka, inda aka daɗe ana ƙididdigar wannan al'amari, an samu cewa direba mai shekara 16 zuwa 19 ya ninka wanda ya kai 20 ko fiye kusan sau uku wajen shiga haɗarin da ake mutuwa, in an gwada su a kan nisan tafiya ɗaya. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne.

Na farko, rashin gogewa. Juya sitiyari da canja giya ana koyonsu cikin mako biyu, amma karanta hanya sai an shekara ana yi. Tsohon direba in ya ga saniya ɗaya a bakin hanya ya san akwai garke a bayanta. In ya ga ƙwallo ta gangaro kan kwalta ya san yaro na biye. In ya ga motar haya ta rage gudu ba sigina ya san fasinja zai sauka. Sabon direba yakan ga waɗannan duka, amma ba ya fassara su sai lokaci ya ƙure.

Na biyu, ƙuruciya kanta. Likitocin ƙwaƙwalwa sun tabbatar cewa sashen da ke goshi, wanda ke auna sakamakon abu yana danne zuciya, ba ya gama nuna sai mutum ya kai wajen shekara 25. Saboda haka saurayi yakan san abu haɗari ne, amma daɗin gudu ya rinjayi saninsa.

Na uku, zugar abokai. Bincike ya nuna haɗarin sabon direba yana ƙaruwa gwargwadon yawan tsararrakinsa da ke cikin motar. Wanda zai yi tafiyarsa a natse shi kaɗai, da an ce masa matsoraci sai ya taka. Daga nan ne ake samun tseren motoci da dare, da wasan mota da babur ranar ɗaurin aure ko rakiyar amarya, inda gidan biki kan koma gidan makoki kafin la'asar.

Na huɗu, dare da gajiya da ƙwaya. Da dare fitila ba ta nuna wa direba nisan da zai ishe shi tsayawa in yana babban gudu. Wanda ya sha giya, ko tiramadol, ko maganin tari mai kodin, wanda Gwamnatin Tarayya ta hana yinsa da shigo da shi cikin 2018, yana ƙara wa sakan ɗin nan na farko tsawo, alhali kuwa shi a ransa gani yake ya ƙara ƙwarewa. Ƙwayar hana barci ba ta kawar da gajiya, ɓoye ta kawai take yi.

Na biyar, wayar hannu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai amfani da waya yana tuƙi ya ninka wanda ba ya yi wajen sau huɗu wajen shiga haɗari. Wanda ya sunkuya sakan 3 yana duba saƙo a kan gudun 100, ya yi tafiyar mita 83 da ido rufe.

4. DARUSSA BIYU DAGA HANYOYINMU

Ran 6 ga Maris 2016, Ƙaramin Ministan Ƙwadago, James Ocholi, ya rasu tare da matarsa da ɗansa a kan hanyar Kaduna zuwa Abuja, bayan tayar motarsu ta fashe motar ta wuntsila. Rahoton Hukumar Kiyaye Haɗurra ya ambaci gudu, da halin taya, da rashin ɗaura bel. Babbar mota ce mai tsada, amma tsadarta ba ta canja lissafin da aka kawo a sama ba.

Ran 31 ga Mayu 2025 kuma, motar da ta ɗauko 'yan wasan Jihar Kano daga Gasar Wasanni ta Ƙasa da aka yi a Jihar Ogun ta faɗa ƙarƙashin gada a wajen Ciromawa, kan hanyar Zariya zuwa Kano. Fiye da mutum 20 suka rasu, da yawansu matasa, saura kaɗan su isa gida. Hukumar ta danganta abin da gajiyar doguwar tafiyar dare da kuma gudu. Ƙarshen tafiya, sa'ad da jiki ya gaji zuciya kuma ta riga ta isa gida, shi ne wurin da ya fi bukatar hattara.

5. ABIN DA DOKA TA TANADA

An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa cikin Fabrairu 1988, Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko, kuma dokar 2007 ce take aiki da ita yanzu. Ga kaɗan daga cikin ƙa'idodin da ya wajaba kowa ya sani:

(a) Ba a ba wanda bai kai shekara 18 ba lasin tuƙi. Mai koyo sai ya bi ta makarantar koyon tuƙi da aka amince da ita, ya maƙala alamar koyo, ya kuma ci jarrabawa.

(b) Iyakar gudun ƙaramar mota ta gida: kilomita 50 cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya. Tasi da bas ba su wuce 90 ko a tagwayen hanya. Tanka da tirela ba su wuce 60.

(c) Ɗaura bel tilas ne tun Janairu 2003. Yana rage haɗarin mutuwar wanda ke zaune a gaba da kusan rabi.

(d) Hular kwano tilas ce ga mai babur da wanda ya goya tun Janairu 2009.

(e) Tun Fabrairu 2017 ake tilasta wa motocin haya sa na'urar taƙaita gudu.

Lalle a gane cewa iyakar gudu ba umurni ba ne a kai ta. Ran kasuwa, ko lokacin tashin makaranta, ko sa'ad da shanu ke komawa ruga da yamma, ko 50 ɗin ma ta yi yawa.

Wasu ƙasashe sun ƙara da ba sabon direba lasin mataki mataki. Niyuzilan ta soma haka cikin 1987: ana hana sabon direba tuƙin tsakar dare da ɗaukar abokai sai ya goge. Wannan tsari ne da kowane uba zai iya kafawa a gidansa ba sai ya jira doka ba.

6. HAKKIN DA KE KAN KOWA

Iyaye: makullin mota amana ne. Wanda ya miƙa shi ga yaron da ba shi da lasin, don a ce ɗansa ya girma, da hannunsa cikin duk abin da ya biyo baya. Ya kamata uba ya zauna gefen ɗansa watanni yana lura da tuƙinsa, ya kuma gyara nasa, gama yaro abin da ya gani yake yi.

Masu motocin haya da shugabannin tasha: kuɗin da ake ɗora wa direba ya kawo kullum, in ya yi yawa, shi ke tura shi yin sawu uku a inda biyu suka dace. Kada kuma a bar yaron mota ya karɓi sitiyari da fasinja a ciki da sunan koyo.

Fasinjoji: wanda ya biya kuɗin mota yana da ikon cewa a rage gudu. In direba ya ƙi, sauka a gari na gaba ya fi. Masu zuga direba don su riski kasuwa da wuri su tuna da minti 5 ɗin nan.

Sarakuna da masu unguwanni da malaman addini: maganarsu tana isa inda jami'in hanya ba ya isa. Su ne za su iya hana wasan mota a bukukuwa. Akan ji mutane suna cewa haɗari ƙaddara ne. Malamai na Musulunci da na Kirista sun sha bayyana cewa dogara ga Allah ba ta ɗauke wa mutum nauyin kiyaye ransa da na maƙwabcinsa.

In haɗari ya auku: a kira lamba 122, kyauta ce. A sa alama nesa don masu zuwa, a kashe inji, a danne wurin da jini ke zuba da tsumma mai tsabta. Kada a fizgo wanda ake zaton ya karye a wuya ko gadon baya, sai fa in wuta na barazana. Mutanen Paikon Kore da kewaye suna da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja a Gwagwalada. A hanzarta kai masu rauni, kada a tsaya ɗaukar hoto.

Samarin da ke kan sitiyari yau su ne manoma da malamai da magidantan gobe, ƙasa kuwa ba ta da wata dukiya da ta fi su. Hanyar lafiya, a bi ta da shekara.

TAMBAYOYI DON NAZARI

1. Mita nawa mota ke ci kafin ta tsaya a kan gudun kilomita 50, nawa kuma a kan 100?

2. Kawo dalilai uku da suka sa sabon direba ya fi tsohon direba shiga haɗari.

3. Waɗanne wurare ne a garinku ya kamata direba ya sauko ƙasa da kilomita 50, kuma a wane lokaci?

4. Wane mataki mai unguwarku da iyayen yara za su iya ɗauka kafin bikin aure mai zuwa?