Ku San Inda Ruwanku Ya Nufa

'Ya'yana, na ji masu aikin sa kai suna zagaya makarantu, suna kwasar ɗalibai su kai su bakin kogi. Wasunku suna noƙewa, wai ɓata lokaci ne tunda ba ya fitowa a jarrabawa. Ku yi haƙuri ku bi su. Gani ya kori ji.

Ruwan da ya sauko daga madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974, da na madatsar Challawa ta 1992, su ne ke haɗuwa su wuce Wudil su zama Kogin Haɗeja. A fadamun Haɗeja da Nguru ya tarar da Kogin Jama'are, wanda ya taso daga tsaunukan Jos. Daga nan sunansa Komadugu Yobe, ya bi ta Gashuwa da Geidam, ya raba Najeriya da Nijar wajen Diffa, har Tafkin Chadi. To kun ga, ledar da yaro ya jefa a kwata, da dattin da majemi ya saki, ba ɓacewa suke yi ba. Akwai mai ɗiba a gaba. Wanda kuke shan ruwa ɗaya da shi maƙwabcinku ne, ko ba ku taɓa haɗa ido ba, kuma kun san girman haƙƙin maƙwabci.

In Allah Ya kai ku fadama, kada ku tsaya ɗaukar hoto kawai. Ku gaida Sarkin Ruwa, ku durƙusa ku tambaye shi labarin ciyawar kachala. Zai nuna muku yadda ta tsaya ta fi mutum tsawo, ta toshe hanyar kwale-kwale, ta cinye gonakin shinkafa, ta ba tsuntsayen jan-baki wurin kwana. Zai gaya muku da can ruwa yakan cika da damina, ya janye da rani, ƙasa ta sha iska. Da madatsu suka sa ruwa ya riƙa kwanciya duk shekara, sai ciyawar ta samu gindin zama. Ku saurari makiyayi shi ma, da mai noman rani, domin kowannensu da abin da ya sani.

Ba yau aka fara aikin kare fadamun nan ba. Tun 1987 Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya, NCF, da abokan aikinta suka kafa shirin kula da waɗannan fadamu, inda tsuntsayen Turai ke zuwa cin rani a Dagona.

Ku ma ku kama naku gwargwadon ƙarfinku. Ku kafa ƙungiya a makaranta da izinin malamanku. Ku yashe magudanar unguwarku kafin saukar damina, ku dasa itace a bakin rafi don ƙasa ta daina zaizayewa, ku fita in an kira gayyar yankan kachala. Abin da kuka koyo kuma ku faɗa wa iyaye cikin ladabi, ba da gatsali ba.

Allah Ya yi muku albarka, Ya ba mu damina mai albarka.