BABI NA BAKWAI: HUKUMA DA 'YANCIN MAI FASAHA A ADABIN HAUSA

7.1 Gabatarwa

A babukan da suka gabata an duba marubuci ta fuskar hikimarsa da salonsa. A wannan babi za a dube shi a matsayin ɗan ƙasa wanda yake zaune ƙarƙashin wata hukuma mai doka da kotu da gidan yari. Dalilin kawo wannan batu shi ne, duk littafin da malami ya shiga aji da shi, sai da wani mai iko ya yarda aka buga shi, ko aka sa shi cikin manhaja. Wanda bai san wannan ba zai ɗauka cewa abin da ya iso hannunsa shi ne iyakar abin da Hausawa suka rubuta ko suka rera.

7.2 Ma'anar 'Yanci da Tacewa

Kalmar 'yanci ta samo asali ne daga ɗa ko 'ya, wato kishiyar bawa. Ke nan a tunanin Bahaushe mai 'yanci shi ne wanda ba mallakar kowa ba ne, yana iya faɗar ra'ayinsa, yana iya zaɓar sana'arsa. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya tabbatar da wannan a sashe na 39, inda ya ba kowane mutum damar bayyana ra'ayi da karɓar bayanai da yaɗa su. Sai dai sashe na 45 ya ba hukuma damar taƙaita wannan 'yanci da doka saboda tsaro, ko zaman lafiya, ko kare ɗa'ar jama'a, ko kiwon lafiyarsu, ko haƙƙin wasu mutane. Yawancin rigingimun da za a ambata nan gaba tsakanin waɗannan sassa biyu suka faru.

Ita kuwa tacewa aro aka yi daga madafa. Mace tana tace ƙullu ta fitar da gasara, ta ware dusa. A madafa babu gardama a kan wace ce dusa. A adabi kuwa gardamar ke nan gaba ɗaya: wa ke riƙe da matacin, kuma da me ya auna ƙofofinsa?

7.3 Zamanin Turawa

Hannun hukuma a cikin rubutun Hausa ya daɗe. Turawan mulki ne suka zaɓi boko ya zama rubutun ofis da makaranta, alhali Hausawa sun daɗe suna rubutu da ajami. Haka kuma gasar da Rupert East ya shirya a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi, hukuma ce ta tsara ta, ita ce kuma ta zaɓi abin da za a buga. Bayan kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, waƙar siyasa ta zama makami, 'yan jam'iyyar da dama kuma sun sha ɗauri a kotunan En'e.

7.4 Kano Daga Shekarar 2000

A nan ne batun ya fi fitowa fili. Bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Kano a 2000, gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta kafa Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i a 2001. Shekarar 2007 ce ta fi zafi. A cikinta hukumar A Daidaita Sahu, ta gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, ta jagoranci ƙona littattafan soyayya da aka karɓe daga hannun 'yan mata 'yan makaranta. A cikinta ne kuma hoton bidiyo na sirri na wata 'yar fim ya bazu a wayoyin jama'a, gari ya ɗauki zafi, aka naɗa Malam Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban hukumar tacewa, aka dakatar da shirya fim na tsawon watanni. An ɗaure Adam A. Zango saboda faifan waƙoƙinsa mai suna Bahaushiya. A 2008 aka ɗaure Rabilu Musa Ɗan Ibro, a ƙarshen shekarar kuma aka yanke wa Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama hukuncin ɗauri kan fim ɗinsa Tsintsiya, hukuncin da babbar kotu ta soke a 2009. Marubuta ma ba su tsira ba, domin a 2008 an nemi kowannensu ya yi rajista da hukuma, ƙungiyoyinsu suka ƙi amincewa.

Misalin da ya fi dacewa da ɗalibin adabi shi ne na Aminu Ladan Abubakar, wanda aka fi sani da Ala, marubuci kuma mawaƙi da ya yi karatun firamare a unguwar Tudun Murtala. A 2009 wata kotun tafi-da-gidanka ta haramta waƙoƙi goma sha ɗaya, cikinsu har da waƙarsa Hasbunallahu, daga bisani aka kama shi a kan zargin fitar da ita ba tare da an tace ba. Abin lura shi ne, waƙar addu'a ce, babu batsa a cikinta. Kai ƙara ce wurin Allah a kan masu takura wa masu fasaha. Idan hujjar tacewa ita ce kare tarbiyya, to wace tarbiyya addu'a ta ɓata? A ganina wannan shari'a ta nuna yadda dokar da aka kafa don kare jama'a take iya juyewa ta zama garkuwar wanda ke aiwatar da ita.

Adalci ne a faɗi hujjar ɗaya ɓangaren. Iyaye da malamai da yawa sun goyi bayan matakan nan da zuciya ɗaya, ba kuma a banza ba. Akwai littattafai da fina-finai da aka yi don kasuwa kawai, waɗanda ni kaina ba zan so in gan su a jakar 'yata ba. Babu al'ummar da ta bar fasaha sakaka babu ƙaidi. Matsalar tana wurin kalmomin da ake hukunci da su. A matsayinmu na masu nazarin harshe mun san cewa kalmomi irin su tarbiyya da al'ada da ɗa'a suna da yalwar ma'ana. Abin da dattijo a cikin birni zai kira rashin kunya, matashi a Tudun Murtala yana iya kiransa wasa. Idan doka ba ta iyakance ma'anar kalma ba, ma'anar takan koma hannun ma'aikacin da ke kan kujera, idan aka sauya shi ita ma ta sauya.

Akwai kuma wata illa da ba a gani a kotu. Marubucin da ya ga an kama ɗan'uwansa yakan fara tace kansa tun alƙalami bai taɓa takarda ba. Zai kauce wa jigon auren dole, ko cin amanar marayu, ko zaluncin mai mulki, ya koma inda babu haɗari. Littafin da aka ƙona an san sunansa, ana ma iya samun kwafinsa a wani gari. Wanda tsoro ya hana a rubuta kuwa babu mai nazarin da zai taɓa ƙidaya shi. Wasu masu fim kuma tattara kayansu suka yi suka koma Kaduna a waɗannan shekaru, sana'a da kuɗinta suka bi su.

Zuwan intanet ya sauya fagen, amma bai kashe takaddamar ba. Marubuta da yawa sun koma sakin labaransu ta WhatsApp da Wattpad, masu fim kuma suka koma YouTube. A watan Mayu na 2025 hukumar ta dakatar da fina-finai masu dogon zango guda 22, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa hujjar cewa ana sakin su ba tare da an kawo mata ta duba ba.

7.5 Abin da Ya Shafi Malami

Ɗalibi ya tuna cewa gobe shi ma ƙaramar hukuma ce a cikin ajinsa. Zai kama yarinya da littafin soyayya a ƙarƙashin benci, kuma yana da ikon ƙwacewa ya yayyaga. Yana kuma da damar karanta littafin tukuna, sannan ya zauna da 'yan ajin su fitar da jigonsa da salonsa, su nuna inda marubucin ya yi daidai da inda ya kauce. Hanya ta farko ta fi sauri. Ta biyu ce take koya wa yarinyar yin hukunci da kanta a ranar da babu malami kusa da ita.

Aikin Yi

Nemi littafi ɗaya na adabin kasuwar Kano, ka karanta shi duka. Rubuta shafi biyu a matsayin mai tacewa da ke son hana shi, wasu shafi biyu kuma a matsayin marubucin da ke kare kansa, kana mai kafa hujja da sashe na 39 da na 45 na tsarin mulki.