Ƙarfen da ke hana mota tangaɗi

Jama'ar Damargu, kowa ya san motocin kasuwa. Su ke kai mu Tanut da Belbeji da Gangara, da buhunan hatsi da wake, da awaki, mutane kuma bisa kaya. In mota ta sha kwana sai ta karkata, mata su kama salati. Akwai wani ƙarfe da ke rage wannan karkata.

Yana ƙarƙashin mota, daga ƙafar dama zuwa ƙafar hagu. Dogo ne kamar sanda, bakinsa biyu a lanƙwashe. Mu ce da shi sandar daidaita mota. Motoci da yawa suna da ita a gaba. A baya kuwa, wata na da ita, wata babu, tun daga inda aka ƙera su.

Yaya take aiki? Kama ɗanyen reshe da hannu biyu. Ɗaga hannuwanka tare: reshe bai hana ka ba. To, yanzu murɗa shi, hannu ɗaya sama, ɗaya ƙasa. Ka ji ya ƙi? Haka sandar take. In ƙafafun baya biyu sun hau tudu tare, ba ruwanta. In ɗaya ta yi sama ɗaya ta yi ƙasa, sai ta murɗu, ta ja su su daidaita. Shi ya sa a babbar hanyar Damagaram zuwa Agadas mota ke shan kwana ba ta kwanta sosai ba.

Amma a hanyar daji labari ya sake. Ƙafa ɗaya ta faɗa rami, tana son ta sauka ta taɓa ƙasa, sanda ta riƙe ta. Sai ƙafar ta yi ta juyawa a banza, tana watsa rairayi, mota ta kafe, kowa ya sauko turi. Girgiza ma ta fi yawa, don bugun da ƙafar dama ta sha yana isa hagu.

Saboda haka wasu direbobi ke kwance ta. Sun sami sauƙin rami, gaskiya ne. Amma motar da aka yi wa kaya har sama, in an raba ta da sandarta, karkatarta ƙaruwa take yi. A ganinmu, mai ɗaukar mutane bisa kaya bai kamata ya kwance ta ba.

A lura kuma: sandar ba ta ɗaukar nauyi. Wannan aikin resor ne. Ba ta ƙara wa mota ƙarfin ɗaukar buhu ko guda. Kaya masu nauyi a sa su ƙasa, marasa nauyi a sama.

In direba ya ji ƙwas-ƙwas daga baya duk lokacin da ƙafa ɗaya ta shiga rami, ya sa makaniki ya duba robobin da ke riƙe da sandar. Zafi da ƙura suna cinye su.