DARASI A KAN KWAMFUTA: IN KAFAR USB TA ƘI AIKI BAYAN SABUNTAWA

Makon jiya wani ɗalibinmu ya zo mini hankalinsa a tashe. Ya ce da dare kwamfutarsa ta sabunta kanta, da gari ya waye ya soka filashinsa, shiru kamar an shuka dusa. Ga shi kuwa duk shirin darussansa na koyarwar gwaji yana ciki, jibi mai duba zai zo. Har ya yi niyyar kai ta kasuwa a sake mata kafa. Na ce ya zauna. Kafin a buga ƙararrawa filashi ya buɗe, bai kashe ko kwabo ba. Saboda haka na ga ya kamata in rubuta muku yadda muka yi.

Da fari ku sani, tsakanin Windows da duk abin da aka soka a kafar USB akwai wani ɗan shiri da a ke kira direba. Aikinsa aikin tafinta ne, shi ke fassara wa kwamfuta maganar filashi, ko linzami, ko na'urar buga takardu. Sabuntawa ba ta da hannun da za ta karya ƙarfe. Abin da ta kan yi shi ne ta sake tafinta, ta kawo wanda bai ji harshen baƙon ba. Ko a watan Oktoba na 2025 an yi haka: wata sabuntawar Windows 11 ta sa linzami da allon rubutu na USB suka daina aiki a sashen da a ke shiga don gyaran Windows, sai da Microsoft ya fitar da magani bayan 'yan kwanaki. To, kun ga a nan kafa ba ta da laifi.

Ga yadda za ka bi, daki daki, daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

1. Cire duk abin da ke soke, ka danna Restart, ba Shut down ba. Dalili kuwa, tun daga Windows 8 kwamfuta ta kan ajiye wani sashe na aikinta in an kashe ta, don ta tashi da sauri, watau ta tashi da ciwon da ta kwana da shi. Restart ne ke tayar da kome sabo.

2. Gwada filashin a wata kafa, sa'an nan a kwamfutar abokinka. In ya buɗe a can, maza ka kwafe aikinka tukuna, kana ka koma kan gyara.

3. Danna Start da maɓallin dama na linzami, ka zaɓi Device Manager, ka buɗe Universal Serial Bus controllers. In ka ga rawayar alama a jikin wani suna, nan cutar ta ke. Shiga Properties, ka shiga Driver, ka danna Roll Back Driver, tsohon tafinta ya komo. In ya ƙi dannuwa, sai ka zaɓi Uninstall device, ka yi Restart, Windows zai sake sa shi da kansa. Amma ka lura, in linzaminka na USB ne yana iya tsayawa nan take, don haka adana aikinka kafin ka taɓa.

4. In filashi yana zuwa yana ɓacewa, mai yiwuwa kwamfuta ce ke yanke wa kafa wuta don tattalin batir. A wurin nan dai nemi USB Root Hub, ka shiga Power Management, ka cire alamar da ta ba ta iznin haka.

5. In duk bai yi ba, koma Windows Update ka duba ko an fitar da gyara. In babu, shiga Update history ka cire sabuntawar ƙarshe. In babbar sabuntawa ce, Windows ya kan ba da kwana 10 a koma wa tsohon, kada ka bari su wuce.

Sai gargaɗi. In kwamfuta ta ce a yi wa filashi Format, kada ka yarda, domin share shi za ta yi tas. Mai gyara kuwa ba a zuwa wurinsa sai an ga kafa tana girgiɗi, ko ta lanƙwashe, ko ana jin ƙauri. Kada kuma wannan ya sa ku ƙi sabuntawa, gama ita ke toshe ƙofofin da ɓarayin intanet ke shigowa. Abin da ya fi shi ne kowa ya ajiye aikinsa wuri biyu.

Ku da za ku zama malamai, kun san ba a hukunta yaro sai an binciki abin da ya hana shi amsawa. Haka na'ura ta ke. Allah ya sa mun gane, amin.

TAMBAYOYI
1. Mene ne aikin direba?
2. Don me Restart ya fi Shut down a wannan hali?
3. Yaushe ya kamata a je wurin mai gyara?