Wayar dish da ta eriya: a duba kafin a saya

A gidaje da yawa za a kashe kuɗi a sayi dikoda mai kyau, a kafa dish a kan katanga, amma in aka zo kan waya sai a aiki yaro ya sayo mai araha. Damina ɗaya ta wuce, hoto ya fara yankewa, sai a ɗora wa dikoda laifi ko a ce iska ce ta karkatar da dish. Sau da yawa cutar tana cikin wayar. Sigina tana raguwa a duk mitar da ta bi, kuma waya marar kyau tana cinye ta tun kafin ta iso ɗaki.

1. Ka sa mai shago ya feɗe maka bakin wayar. Abu huɗu za ka gani: jan ƙarfe a tsakiya, farar roba mai kama da soso da ta rufe shi, sai fallen alminiyom mai ƙyalli tare da saƙar siraran wayoyi, sannan baƙar riga ko fara ta waje. Saƙar nan ita ce garkuwar da ke hana sigina zuba, take kuma tare hayaniyar janareto da wayoyin lantarki. In ka ga silin saƙar 'yan ƙalilan ne, har kana iya ƙirga su, ajiye ta ka nemi wata.

2. Karanta rubutun da ke jikinta. Talabijin, dish da eriyar GOtv ko StarTimes duk mai ohm 75 suke so, kuma wadda ta dace da gida ita ce RG6, mai jan ƙarfen da ya kai kaurin milimita 1. RG59 ta fi ta siranta, ta fi dacewa da kyamarar tsaro. RG58 kuwa mai ohm 50 ce, ta rediyon oba-oba da makamantansa. Kada ka yarda a haɗa maka ita da dikoda ko da kyauta ce.

3. Tafi kasuwa da ɗan maganaɗisu a aljihu. Yawancin wayoyin da ake sayarwa baƙin ƙarfe ne a ciki, aka shafa masa jan ƙarfe a sama. In maganaɗisun ya kama silin tsakiya, to irin wannan ce. Ga eriyar da ba ta shan wuta babu laifi, domin sigina a fatar ƙarfen take gudu. Dish kuwa daban ne. Dikoda tana tura wuta ta cikin wayar nan zuwa LNB, wato na'urar da ke bakin dish: bolt 13 don wasu tashoshi, bolt 18 don wasu. Baƙin ƙarfe yana rage wutar a hanya. In wayar ta yi tsawo, 18 ɗin ba za ta isa cikakkiya ba, sai ka ga wasu tashoshi suna nan garau, wasu sun ɓace, alhali dish bai motsa ba. Wannan matsala tana wahalar da mutane ƙwarai, har a sauya dikoda a banza. In nisan ya wuce mita 20 ko 30, ni dai ina ganin gara a daure a sayi zallar jan ƙarfe.

4. Auna nisan kafin a yanka. Siginar da LNB ke aikowa tana tsakanin megahaz 950 zuwa 2150, kuma a RG6 ƙarfinta yana raguwa da rabi a duk mita 10 zuwa 15. LNB yana ƙara mata ƙarfi tun daga sama, shi ya sa mita 30 ko 40 ba ya zama damuwa in wayar ta kirki ce. In ya haura mita 50, kamar a gidan gandu da sassa suka yi nisa da juna, a nemi RG11 mai kauri. Kada a bar ragowar waya a nannaɗe bayan talabijin, kuma kada a yi ƙari ta hanyar murɗe wayoyi biyu a naɗe da salatif.

5. Kan waya, wanda masu aikin ke kira konekta F, nan ne aka fi yin ganganci. Sili ɗaya na saƙar in ya taɓa jan ƙarfen tsakiya, sigina ta ɗauke gaba ɗaya, wani lokaci ma dikoda ta lalace. A kashe dikoda daga soket kafin a ɗaura ko a kwance. Wanda ake matsewa da filaya ta musamman ya fi wanda ake murɗawa da hannu riƙo da hana ruwa.

6. Rana da ruwa su ne manyan abokan gabar wayar da ke waje. Farar waya tana bushewa ta tsattsage a zafin bazara, musamman in ta kwanta a kan rufin kwano. Baƙa wadda aka yi don waje ta fi juriya. Ruwa kuma in ya sami ƙofa sai ya bi saƙar ya gangara, ta yi tsatsa daga ciki, har ya iso bayan dikoda. A naɗe mahaɗar da ke waje da salatif na roba mai manne kansa, kuma kafin waya ta shiga bango a sake ta ta ɗan yi ƙasa sannan ta hau, don ruwa ya ɗige a waje. Ɗaukewar hoto lokacin da ake sheƙa ruwa ba laifin waya ba ne, hadari ne ya tare sigina. Amma in an ɗauke ruwa, gari ya washe, hoto bai dawo daidai ba, a kwance kan wayar a duba ko ya yi kore ko baƙi.

7. Kada a lanƙwasa ta sosai a kusurwa, kada ƙusa ta matse ta, kada ƙofa ko taga ta riƙa dantse ta.

8. Masu son raba dish ɗaya ga ɗaki biyu, misali ɗakin uwargida da na amarya, su sayi LNB mai baki biyu, kowace dikoda da wayarta. Ƙaramin abin rabawa na kasuwa yana rage sigina da fiye da rabi, kuma dikodojin biyu za su yi ta jayayya, wannan tana neman bolt 13, waccan 18. Ga eriyar GOtv ko StarTimes dai ana iya rabawa in siginar unguwar tana da ƙarfi.

9. In hadari ya taso da walƙiya, kashe talabijin kawai bai isa ba. Tun kafin a fara tsawa a zare filogi, a kwance wayar daga bayan dikoda, a ajiye bakinta nesa da inda yara ke zama.