Ƙwallon Yanzu Na Neman Mayar da Ni Ruwa



Tun azumin bara na bar shaye-shaye, kuma Allah ne shaida ban sake kai komai baki ba. Abokan da muke yi tare duk na rabu da su. Abu ɗaya ya rage da ke sanyaya min rai, ƙwallo, to ita ma sun lalata ta. A ci ƙwallo kana tsalle, sai a ce a jira VAR, a ja layi a kan yatsan mutum a ce satar gida. A tafi hutun rabin lokaci, talla kan talla, wannan ta giya, waccan ta caca. Masu sharhi kuwa ihu kawai suke yi, wanda ya fi iya cin mutunci shi ake yankowa a watsa a waya. Kuɗin kallo kullum ƙaruwa yake. Ka ce bari ka koma fim, can ma rigimar 'yan fim ta fi fim ɗin yawa.

Asabar ɗin da ta wuce aka soke mana ƙwallo a mintin ƙarshe, 'yar takardar da na yanka ma ta tafi a banza. Na fito daga gidan kallo jikina na rawa, ban ankara ba sai ga ni a bakin lungun da nake saye a da. Na daɗe a tsaye kafin na juya. Malam, da ba haka ƙwallo take ba. Me ya sa suka mayar da ita haka? Yaya zan ci gaba da kallo ba tare da sun mayar da ni ruwa ba?

Ƙaninka daga Zariya.

Amsa: Juyawar nan da ka yi a bakin lungu ba ƙaramin abu ba ce, Allah ya ƙara dafa maka.

Amma ƙanena, ka cika wasiƙa da VAR da masu sharhi, sannan ka cusa ainihin maganar a rabin layi, kana fatan idona zai tsallake. Wace takarda ka yanka? Mai son ƙungiya in an soke masa ƙwallo tsaki yake yi, ya sha tsiyar abokai, ya je ya kwanta. Wanda jikinsa ya ɗauki rawa har ƙafa ta kai shi inda bai yi niyya ba, kuɗinsa ne ke cikin fili. Kana kukan tallar caca kamar ba ka san ta ba, alhali tuni ka amsa kiranta. Mayen nan bai tafi ba, riga ya sauya. Ba ni kaɗai na faɗa ba: Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cacar da ta kama mutum a babi ɗaya da shaye-shaye cikin kundin cututtukanta, domin jiran sakamakon nan da bugun zuciya da “saura ƙiris na ci” wuri ɗaya suke sosawa da ƙwaya.

Ƙorafinka kuwa akwai gaskiya a ciki, sai dai ba za ta amfane ka ba. VAR ta shiga Firimiya a 2019. A 2024 aka kawo shawarar a soke ta, ƙungiyoyi 19 cikin 20 suka ce ta zauna. Sunayen kamfanonin caca, a 2023 ƙungiyoyin sun amince za su cire su daga ƙirjin riga, amma suka bar hannun riga da allunan gefen fili. Masu sharhi kuma sun gane fushi ya fi ilimi ciniki. Babu wanda zai gyara wannan kasuwa don wani matashi a Zariya ya kwana lafiya.

Ba ka gaya min me kake sha a da ba, kuma da muhimmanci. In kodin ne ko tiramol, ka sani jikin da ya yi watanni bai gan su ba ya daina jurewa. Adadin da kake sha a da kana yawo da ƙafarka, yau yana iya tsayar maka da numfashi. Saboda haka kada Shaiɗan ya raɗa maka “sau ɗaya ne kawai”.

Cacar nan ta tsaya yau, ka goge ta daga wayarka. Wasan dare ka saurare shi a rediyo a gida. In dole sai gidan kallo, ka tafi da kuɗin shiga kawai, tare da wani babba da ya san tarihinka, ku dawo ta wata hanyar. Ka kuma je sashen ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa da ke Shika, ko asibitin Barnawa a Kaduna; zuwa can ba hauka ba ne, kuma ka gaya wa likita maganar takardar, kada ka ɓoye masa kamar yadda ka so ɓoye min. In ƙwallon ce da gaske kake so, filin unguwarku na cika bayan La'asar, babu mai ja wa kowa layi.

Ka sake rubuto min. Wannan karon ka fara da nawa ka zuba a takardun nan tun azumi, da kuma ko akwai wanda ke bin ka bashi.