Harshen Sanarwa: Yadda Hausa Ke Faɗin Abin Da Ke Tafe, Daga Allon Jami'a Zuwa Gesheme

1.0 Gabatarwa

Watan Fabrairu wata ne da allon sanarwa ke cika a jami'o'in Nijar. Ran 9 ga watan ɗalibai kan yi juyayin ƴan'uwansu uku da suka rasa rayukansu a Gadar Kennedy ta Yamai a 1990. Ran 21 kuma ake bikin Ranar Harshen Uwa ta Duniya, wadda hukumar UNESCO ta ayyana a 1999, aka fara raya ta a 2000, don tunawa da waɗanda aka kashe a zanga-zangar ɗalibai a birnin Dhaka a 1952 saboda neman haƙƙin harshen Bengali. Idan babban hutu ya zo, sai Ranar Hausa ta Duniya, 26 ga Agusta, wadda aka faro a 2015, ta tarar da yawancin ɗalibai a garuruwansu, inda sukan shirya lacca da muhawara da wasan kwaikwayo tare da jama'ar gari.

An saba rubuta sanarwar irin waɗannan taruka da Faransanci. To amma tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, buƙatar rubuta ta da Hausa ta ƙaru a Jami'ar Abdou Moumouni da Jami'ar Doso da sauransu. Sanarwa kuwa ma'auninta ɗaya ne: jama'a sun hallara a ranar da aka nufa, a sa'ar da aka nufa, ko ba su hallara ba. Wannan darasi zai duba hanyoyin da Hausa ke bi wajen faɗin abin da bai riga ya auku ba, ya kwatanta Daidaitacciyar Hausa da Arewancin Gesheme, sannan ya nuna wuraren da mai rubuta sanarwa ke iya tuntuɓe.

2.0 Gesheme da karin harshenta

Gesheme, wadda takardun gwamnati ke rubutawa Guéchémé, tana cikin kwarin Dallol Mawri a jihar Doso. A da tana ƙarƙashin gundumar Dogondutsi, har zuwa 2011 da aka ƙirƙiro gundumar Tibiri aka sanya ta ciki. Ya kamata mai nazari ya rarrabe wannan Tibiri da Tibirin Gobir da ke kusa da Maraɗi, domin karin harshen kowace daban ne. Ƙasar ita ce Arewa, ƙasar Arawa, waɗanda Zabarmawa ke kira Mawri, kuma ta miƙa har cikin jihar Kebbi ta Nijeriya.

Arewanci ɗaya ne daga cikin kare-karen harshen yamma, dangin Sakkwatanci da Adaranci da Gobiranci. Mai magana da shi kan ce tahiya a maimakon tafiya, shina a maimakon yana, wanga a maimakon wannan, na da ta a maimakon ne da ce. Sautin ts kuma kan ganɗance a gaban wasalin i, abin da ya sa Faransawa suka rubuta Doutchi inda daidaitaccen rubutu ke da dutsi. Waɗannan duka mai karatu daga Damagaram ko Kano yana iya gane su ba wuya. Bambancin da ke da haɗari yana cikin lamirin lokaci, kamar yadda za a gani.

3.0 Hanyoyi uku na faɗin abin da ke tafe

3.1 Lokaci mai zuwa na ɗaya

Shi ne mai lamirin za: zan, za ka, za ki, zai, za ta, za mu, za ku, za su, za a. Asalinsa yana da alaƙa da za mai ma'anar tafiya, wanda har yau ake ji a "Ina za ka?" da "Za ni kasuwa." Harsuna da dama sun bi wannan hanya ta mayar da aikatau na tafiya alamar lokaci mai zuwa, ciki har da Faransanci da aikatau aller. Wannan lokaci shi ne mafi dacewa da sanarwa, domin yana nuna ƙuduri:

(1) Za a buɗe taron da ƙarfe tara na safe.

A kare-karen yamma akan ji za tare da wakilin suna da suna ɗan aikatau, kamar "za shi tahiya". Siffar ta bambanta, amma ma'anar ba ta ruɗa kowa.

3.2 Lokaci mai zuwa na biyu

Lamiransa su ne nâ, kâ, kyâ, yâ, tâ, mâ, kwâ, sâ, â, duka da dogon wasali da faɗaɗɗen karin sauti. Ana samunsa a karin magana, kamar "Komai nisan dare gari yâ waye", da gargaɗi, kamar "Kâ gani", da amsar da mai ita bai ɗaure kansa ba, kamar "Mâ duba". Matsala biyu ce ke hana shi zama a sanarwa. Ta farko ta ma'ana ce: wanda ya ce "mâ yi taron" bai tsayar da rana ba. Ta biyu ta rubutu ce. Ƙa'idojin rubutun Hausa na taron Yamai na 1980 da na ƙudurin Nijar na 1999 ba su wajabta nuna karin sauti ko tsawon wasali ba. Saboda haka jimla irin wannan tana da fuska fiye da ɗaya a takarda:

(2) Shugaban sashe ya zo.

Ana iya karanta ta a matsayin labarin zuwansa, ko tsammanin zuwansa, ko ma umarnin ya zo. Baki yana rarrabe ukun, allo ba ya rarrabewa.

3.3 Lokaci mai ci

Hausa kan yi amfani da lokaci mai ci ga abin da aka riga aka tsara, muddin akwai bayanau na lokaci: "Gobe ana taro." Idan aka jawo ranar gaba don ƙarfafawa, wanda shi ne halin sanarwa tunda ranar ce labarin, sai lamirin ya koma siffarsa ta dogarau: "Gobe ake taro." A nan ne Arewanci da Daidaitacciyar Hausa suka yi karo:

Daidaitacciyar Hausa, shuɗaɗɗe dogarau: muka, kuka, suka, aka.
Arewanci, shuɗaɗɗe dogarau: munka, kunka, sunka, anka.
Daidaitacciyar Hausa, mai ci dogarau: muke, kuke, suke, ake.
Arewanci, mai ci dogarau: muka, kuka, suka, aka.

Layin farko da na ƙarshe haruffansu ɗaya ne, lokutansu sun sha bamban. A duba wannan jimla:

(3) Ran Asabar aka buɗe bikin.

Ga Ba'aren Gesheme, bikin yana nan tafe, ranar Asabar ake buɗe shi. Da ya wuce, da sai a ce anka buɗe. Ga wanda ya koyi Daidaitacciyar Hausa kuwa, an riga an buɗe, ya makara. A wasu aikatau suna ɗan aikatau yana ceton mai karatu, domin "aka yin taro" da "aka yi taro" sun bambanta da harafin n. Amma aikatau irin su buɗe da fara da rufe ba sa sauya siffa a gaban karɓau, kuma su ne sanarwa ta fi buƙata. Ɗalibin da ya taso da Arewanci, idan ya rubuta yadda yake magana, yana iya korar rabin waɗanda ya gayyata ba tare da ya karya wata ƙa'idar karinsa ba. Mafita ita ce komawa ga za a, wanda kowane kari ya yarda da shi.

4.0 Ƙidayar kwanaki da sa'o'i

Hausa tana da jerin kalmomi na kwanakin gaba: gobe, jibi, gata, citta. Akwai rana ita yau, wato mako guda daga yau, da watan gobe, da baɗi. Dukkansu sun dogara ne da ranar da aka furta su. Sankira yana iya cewa jibi, domin shelarsa da jin ta rana ɗaya ne. Takardar da aka manna a allo kuwa tana iya yin mako tana cewa jibi. Haka saƙon murya da ake turawa ta WhatsApp, wanda ke yawo daga waya zuwa waya bayan kwanaki. Rubutacciyar sanarwa tana buƙatar sunan rana da kwanan wata a haɗe.

Wuri na biyu shi ne dare. A ƙidayar Musulunci rana tana farawa ne daga faɗuwar rana, don haka dare yana gaba da yininsa. Daren Juma'a a bakin dattijon Gesheme shi ne daren da Alhamis ta ƙare, kamar yadda daren salla ke zuwa kafin safiyar idi. Mai fassara vendredi soir da "daren Juma'a" ya matso da wasan kwaikwayonsa baya da kwana guda ga wani ɓangare na jama'a. "Juma'a da dare" ko "Juma'a bayan isha'i" ya fi tsira daga shubuha.

Na uku ya shafi fassarar adadi. Faransanci yana cewa huit jours ga mako ɗaya, quinze jours ga mako biyu, domin yana haɗawa da ranar farawa. Wanda ya mayar da dans quinze jours "nan da kwana goma sha biyar" ya ƙara kwana ɗaya, tunda Hausa kwana take ƙirgawa, mako biyu kuwa kwana 14 ne. "Nan da mako biyu" shi ne daidai.

Na huɗu shi ne sa'a. Jami'a tana aiki da agogo mai sa'o'i 24, gari yana aiki da hantsi da azahar da la'asar da magariba. Abin da allo ke rubutawa 15h a Hausa ƙarfe uku na rana ne. "Ƙarfe sha biyar" aron tsarin Faransanci ne da ba kowa ke ganewa ba. Lokutan salla su ma suna motsi: a yankin Doso faɗuwar rana tana bambanta da kusan awa guda tsakanin Nuwamba da Yuli. Idan taro ya haɗa ɗalibai da mutanen gari, gara a ambaci biyun, a ce "ƙarfe biyar na yamma, bayan la'asar". A kuma tuna cewa shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, don haka taron da ya faɗo kafin azumi bana yana iya faɗowa cikinsa baɗi, lokacin da jadawalin yini duka ke sauyawa.

5.0 Shela, gayyata da sanarwa

Kalmomin nan uku ba ma'anarsu ɗaya ba. Shela magana ce daga mai iko zuwa ga kowa, ta bakin sankira ko maroƙi, a kasuwa ko a ƙofar fada, kuma takan ƙare da neman wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba. Gayyata ta fito daga gayya, aikin gona na taron dangi, kuma tana ɗauke da nauyin zumunci: wanda aka kai wa goron gayyata ya san rashin zuwansa abin lura ne. Sanarwa kuwa ta samu ne daga sani, ta hanyar aikatau sanar, kuma ba ta ɗora wa kowa nauyi. Ƙungiyar ɗalibai da ta koma Gesheme da hutu, ta manna takarda a ƙofar makaranta tana jiran dattawa, sanarwa kawai ta yi. Dattawa sai an aika musu, ƴan kasuwa sai an yi musu shela.

Akwai kuma in Allah ya kai mu, wanda Arewanci ke amsawa da "Allah shi kai mu". Mai fassara zuwa Faransanci kan yar da shi, yana ganin ƙari ne. A Hausa kuwa yana tafiya tare da za a ba tare da ya rage ƙarfin ƙudurin ba. Rashinsa ne ke sa sanarwa ta yi kama da cika baki a kunnen mai sauraro. Haka lamirin a na umartau, a "a zo da wuri" ko "a riƙo katin ɗalibi", yana sassauta umarni ta hanyar ƙin nuna kowa da yatsa, shi ya sa ya fi "ku zo" dacewa idan malamai na cikin waɗanda ake kira.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata ana iya tsara samfuri kamar haka:

(4) Ɗaliban sashen kimiyyar harshe suna gayyatar malamai da ɗalibai zuwa muhawarar da za a yi ranar Asabar, 21 ga Fabrairu, da ƙarfe biyar na yamma, bayan la'asar, in Allah ya kai mu. A zo da wuri.

A cikinsa akwai lokaci mai zuwa na ɗaya, da rana haɗe da kwanan wata, da agogo haɗe da lokacin salla, kuma babu kalmar da karin yamma da na gabas za su karanta daban. Wannan bai hana sankiran Gesheme faɗin saƙon da Arewanci tsantsa ba, tunda shi da masu jinsa karinsu ɗaya.

Aikin gwaji: kowane ɗalibi ya tattara sanarwa biyar na Hausa, uku rubutattu, biyu na baka daga rediyo ko kasuwa ko masallaci. Ya fitar da lamirin lokacin kowace jimla, ya ja layi a ƙarƙashin kowane bayanau da ma'anarsa ta dogara da ranar furtawa, sannan ya ba wani mai karin harshe daban ya karanta, ya rubuta ranar da sa'ar da shi ya fahimta.